Gidajen Koktel a Shagon Mijin Ƙanwata

Mijin ƙanwata yana da shagon asir, wato ruwan 'ya'yan itace, a unguwar Aziziyya, a layin da motocin alhazai suke juyawa, kuma abin da ya fi alfahari da shi a duniya shi ne allon da ke saman kanta. Sunayen koktel ne a jere, sun fi talatin. Koktel a nan Makka shi ne 'ya'yan itace da aka haɗa aka markaɗa, wani da madara, wani da zuma, a zuba a dogon kofi. Ni nake markaɗawa, shi yake raɗa suna, kuma ban taɓa ganin mai raɗa wa abu suna da rashin tunani irinsa ba.

Akwai Ciwon Zuciya. Wannan ba shi ya ƙirƙira ba, duk shagunan garin suna sayar da shi, amma shi ya sa aka rubuta shi da ja a saman kowa. Akwai na Amare, akwai Sarki, akwai Sarauniya, akwai Girgizar Ƙasa, akwai Daren Biki. Sai ka ga dattijo mai furfura ya fito daga Harami, ko gumin ɗawafi bai bushe masa ba, ya tsaya a gabana ya ce a ba shi Ciwon Zuciya babba. Da bakinsa yake roƙo. Ni kuwa in miƙa masa in ce Allah Ya ba da lafiya, don ban san me zan ce ba kuma.

Da sunayen suna gaya wa mutum abin da zai sha, da na yi shiru. Ba sa gayawa. Sarki mangwaro ne da madara da ayaba. Sarauniya ma mangwaro ne da madara da ayaba, sai dai an yanka mata farawla, wato strawberry, a ka. Girgizar Ƙasa kuwa duk abin da ya rage a firij ne a ranar. Na taɓa tambayarsa bambancin Daren Biki da na Amare, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce kofinsu ba iri ɗaya ba ne.

Ma'aikata suna kiransa Mudir, wato manaja, ni ma haka nake kiransa, ko da yake na girme shi nesa ba kusa ba. A nan aka haife shi, kakansa ne ya tako daga Kano. Hausarsa rabi ce, in ta ƙare masa a tsakiyar magana sai ya cike da Larabci. Ni kuwa Hajji na zo daga Funtuwa na zauna, ƙanwata ta biyo ni daga baya ya aure ta. Shekaru na yi ina dako a Mina lokacin aikin Hajji, sauran watanni ina raɓe-raɓe a lungunan Utaibiyya, in na hango motar askar, wato 'yan sanda, in ɓuya. Da aka samu damar gyara takardu shi ya tsaya mini, ya zama kafilina, igamata, takardar zaman ƙasa, ta fito da sunan shagonsa. Ban manta ba, shi ma bai bari na manta ba. Duk shekara sai ya yarda kafin a sabunta ta. Ranar da ya ƙi, jirgin komawa gida ne. Ni kuwa ba ni da komai a Funtuwa sai kaburburan iyaye da wata tsohuwar gwaggo, kuma burina a garin nan a binne ni.

A ƙarƙashin kanta akwai wata kwalba mai ruwan ɗorawa. Mudir da kansa yake haɗa ta a gida. Za'afaran yake jiƙawa a ruwan wardi da sukari, ya ajiye a firij, wuta ba ta taɓa shi. Wannan yake kira sirrin shago. Dokarsa cokali ɗaya a kusan kowane kofi, in ban da rake da lemun tsami. Ya ce shi yake sa mutum ya wuce shaguna biyar ya zo wurinmu. A ganina ƙamshin ɗakin amarya kawai yake sa wa mangwaro, amma na yi ta zubawa.

Akwai wani tsohon malami, mutumin Sakkwato, da yake karantar da fiƙihu bayan la'asar a wani ƙaramin masallaci a Utaibiyya, ranar hutuna nakan je. Bokona a firamare ya tsaya, na allo ma bai yi nisa ba, don haka kunne nake kaiwa. Wata rana ana babin abin da aka hana mai ihrami, aka zo kan turare. Kowa ya san mai ihrami ba ya shafa turare. Abin da ban sani ba shi ne ba ya cin sa kuma ba ya shan sa. Malam ya ce za'afaran turare ne. In wuta ta dafa shi a abinci har ya mutu, babu laifi. In kuwa ɗanye aka zuba mai ihrami ya sha, fidiya ta hau kansa: ya yanka dabba, ko ya yi azumi uku, ko ya ciyar da miskinai shida. Na ce in bai sani ba fa? Ya ce a mazhabarmu rashin sani yana ɗauke zunubi, ba ya ɗauke fidiya. Na ce ruwan wardi fa? Ya ce malamai sun yi saɓani. Na ce citta da kanumfari? Ya ce waɗannan kayan yaji ne, in bar mutane su sha shayinsu.

Na fito daga masallacin ban san ƙafar da na fara sa wa takalmi ba. Layinmu layin masu ihrami ne. Mota za ta sauke su, mayafi biyu farare, ƙishirwa ta kama su tun daga miƙati, shagonmu ne na farko da ido yake faɗawa a kai. Sun sha, sun yi godiya, sun hau jirgi. Suna can Kaduna da Damagaram ana ce musu Alhaji, da fidiya a wuyansu ba su sani ba, saboda wani mutum yana son mangwaronsa ya yi ƙamshi.

Washegari na gaya wa Mudir. Yana danna waya.

"Ya Shekh," ya ce. In zai yi mini ba'a daina ce mini Yaya yake yi. "Cokali ɗaya ne fa, a kofi cike da ƙanƙara. Allah Mai gafara ne."

"Shi ne kuma Ya hana."

"To su tambaya mana. Wanda ya tambaya ka gaya masa."

"Ta yaya mutum zai tambayi abin da bai san yana ciki ba? Allon cewa ya yi Sarauniya."

"Khalas, ya isa, Yaya. Mutane suna jira."

A nan na gane daga allon matsalar take. Muddin abin sha yana ɓoye a bayan sunan banza, ba mai sanin abin da ya kamata ya guje wa. Sai na ɗauki niyyar in tsara su, kowane in kai shi inda ya dace, yadda mutum zai duba sau ɗaya ya san na shansa da wanda ba na shansa ba.

Ina wanke jug ina tunani, ina cikin mota ina tunani, har a salla abin yake zo mini, na yi ta ƙabli da ba'adi a kwanakin. Da farko na raba su da launi, na ga shirme ne, kankana da farawla duk ja ne kuma ba abin da ya haɗa su. Na raba su da ɗan itacen da ya fi yawa a ciki, sai mangwaro ya cinye rabin allon. Wata rana ina zuba madara na lura kowane koktel abu uku ne. Akwai uwa, wato ruwan da yake ɗauke da shi, ko madara, ko ruwa da ƙanƙara, ko ruwan ɗan itacen kansa kamar lemu. Akwai jiki, abin da yake ba shi kauri, ayaba ko mangwaro ko fiya ko dabino. Akwai hula, abin da ake ɗorawa a ƙarshe, zuma ko yankakken farawla ko cokalin kwalbar nan. Sunayen Mudir ɗin nan talatin da wani abu, in ka tuɓe musu hula, ba su wuce 'yan ƙalilan ba. Mutum ɗaya ne yake ta canza hula yana dawowa layi.

Daga nan gidajen suka fito da kansu. Gida na farko masu uwar ruwa, ba madara ba turare: lemu, kankana, rumman, abarba, rake, lemun tsami da na'ana'a. Gida na biyu masu uwar madara. Gida na uku masu hawa-hawa, waɗanda ake zuba launi a kan launi kada su gauraya. Waɗannan sun ba ni wahala, don ƙasan kofi yana iya zama ɗan gida na farko, samansa ɗan gida na biyu, sai na ga gara su zauna a nasu gidan kada su ɓata wa kowa dangi. Gida na huɗu shi ne duk wanda cokalin kwalba ya taɓa, ko daga ina ya fito. Sarki, in ba cokali, ɗan gida na biyu ne. Da cokali ya shiga ya tashi ya koma na huɗu, kuma ba ya dawowa. A gefe na bar wani ɗan ɗaki ga masu ruwan wardi kaɗai, inda malamai suka yi saɓani. Ɗakin shakka na sa masa suna, kuma a wurina mai ihrami ba ya leƙa ɗakin shakka.

Zuma ta dame ni, don daga fure take, fure kuwa ƙamshi gare shi. Na koma wurin malam. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce zuma zuma ce, in tashi in tafi gida.

Sai kuma jug ɗin injin. Ko an zuba na gida na farko, in jug ɗin yanzu aka markaɗa na huɗu a ciki, za'afaran yana nan maƙale a gindin wuƙar, ɗauraya ɗaya ba ta fitar da shi. Na shinshina na tabbatar. Akwai wani jug na ajiya a ciki, na wanke shi da ruwan zafi, na ɗaura masa koren zare a hannu, na ce wannan har abada ba zai ga kwalba ba.

Na rubuta tsarin a bayan kwalin mangwaro na kai wa Mudir. Na yi zaton zai yage. Sai ya tsaya yana kallo yana shafa gemu. Ba ihramin kowa ne ya dame shi ba. Ya ga manyan shagunan Jidda allonsu a rarrabe yake gida-gida, ya daɗe yana jin haushin nasa kamar jerin kayan gwanjo. Ya sa aka buga sabon allo mai fitila a ciki, ginshiƙi huɗu, ya riƙa gaya wa maƙwabta shi ya zauna ya tsara. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne gida na huɗu, da na rubuta Masu Turare, ya goge ya sa Malaki, wato na sarakuna. Daga ranar a wannan gidan kaɗai cokalin yake shiga. Ɗakin shakka kuwa ya ce ba a taɓa shago mai sayar da shakka ba, ya watsa 'yan ɗakin cikin sauran gidaje. Aka wayi gari gidan da na gina don a guje masa shi ne kowa yake nunawa da yatsa, don wa zai ƙi na sarakuna?

Maza ba su da wahala. Mai ihrami tun daga nesa kake ganinsa, kai a buɗe, farin mayafi. Da ya nuna Malaki sai in gaya masa da Larabcina na kasuwa akwai za'afaran ɗanye, in nuna masa gida na farko in ɗauko mai koren zare. Wasu su gode. Wasu su ce a wurin malamansu ba komai, in zuba musu, tunda na faɗa na fita. Mata ne suka tsaya mini a rai. Ihramin mace tufafinta ne na kullum. Wadda ta sauko daga mota yanzu da talbiyya a bakinta, da wadda ta gama Umra tuni ta fito sayen tsaraba, abaya ɗaya, jaka ɗaya. Ba yadda za ka sani sai ka tambaya. Na fara tambaya.

"Hajiya, kina cikin ihrami?"

Wata 'yar Kano ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai askar ne ko mai asir?" Wata mijinta ya matso ya ce me ya haɗa ni da ihramin matarsa. Waɗanda ba ma jin yaren juna sai mu yi ta nune-nune da hannu, layi yana tsawo, na baya suna zamewa shagon wani mutumin Yaman da ke kusa da mu, wanda shi ko za'afaran ɗin gaske ba ya sawa, kala ce kawai.

Mudir ya kira ni ɗakin baya, cikin kwalaye.

"Yaya, na ba ka allo. Na ba ka jug, na bar ka ka ɗaura masa zare kamar akuya. Tambaya ce ban ba ka ba. Matan mutane kake tsarewa a shagona. In na sake ji, wallahi ka nemi wani kafilin. Bayan Hajji igamarka take ƙarewa, ka fi ni sani."

Ƙanwata ma ta same ni a gida. "Yaya, don Allah ka markaɗa ka miƙa. Kai ne limamin Harami? Yaran nan kai kaɗai ne kawunsu a garin nan."

Na daina tambaya. Na yi tunanin in riƙa tsallake cokalin a ɓoye in mace ce, sai na ga ha'inci ne, ta sayi abu da za'afaran na ba ta babu. Abin da na koma yi shi ne in tsaya ta yadda kafaɗata za ta tare ginshiƙi na huɗu, in riƙa yabon kankana. Ban taɓa yabon kankana a rayuwata kamar wannan lokacin ba. Duk da haka suna zagaya kafaɗar su nuna Malaki, in zuba.

A shekarar Gwaggo ta zo, ƙanwar mahaifinmu, ita kaɗai ta rage a cikinsu. Tun muna yara take cewa za ta zo, sai da ta tsufa tukuf Allah Ya kira ta. Yawancin alhazanmu Tamattu'i suke yi, su yi Umra su kwance ihrami su huta har ranar fita Mina. Gwaggo ta ce Ifradi mahaifinta ya yi, shi za ta yi. Ma'ana tun daga miƙati tana cikin ihrami, ba za ta fita ba sai ranar Salla. Da bakinta ta faɗa a gidan ƙanwata, Mudir yana zaune yana danna waya. A gabansa ta mayar da sabulun da aka ba ta, ta ce yana ƙamshi, a nemo mata wanda ba ya yi.

Mudir mutum ne mai son a gan shi yana karamci. Ya ce dole Gwaggo ta zo ta ga shago. Masaukinsu ba nisa, ta zo bayan la'asar da wasu tsofaffi 'yan ɗakinsu. Ya sa aka jera musu kujerun roba a inuwar rumfa, ya fito cikin farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya ture ni gefe da gwiwar hannu.

"Yau ni zan yi wa Gwaggo da hannuna."

Tunda nake shagon ban taɓa ganin ya taɓa injin ba. Ko murfin bai san yadda ake rufewa ba. Ya duba jug biyun, ya ɗauki mai koren zare don ya fi ƙyalli. Ya zuba madara, mangwaro, ayaba, dabino. Sai ya sunkuya ƙarƙashin kanta.

Na ce masa a hankali, "Mudir, Ifradi take yi."

"Uskut, Yaya. Yi shiru."

Cokali ɗaya. Cokali biyu. Sai ya ajiye cokalin ya karkata kwalbar kanta, don surukarsa ba ta cokali ba ce. Injin ya tashi, ƙamshin ya cika shagon.

Ina tsaye hannuna jiƙe. Na ce wa kaina tambaya ya hana, wannan kuwa ba tambaya ba ce, na riga na san amsa. Na san kuma wannan dabarar ba za ta cece ni a wurinsa ba. Na ga jirgin, na ga kaina a tashar Funtuwa da jaka ɗaya, ba wanda ya san fuskata. Na kuma ga tsohuwar da ta mayar da sabulu.

Ya ɗora kofin a faranti ya kai mata da kansa. "Tafaddali, Gwaggo. Wannan Malaki ne, na sarakuna. Ba kowa nake yi wa ba."

Ta karɓa da hannu biyu, ta sa masa albarka, ta yi bisimilla. Na zagayo kanta na riƙe kofin ta ƙasa.

"Gwaggo, kada ki sha. Akwai za'afaran ɗanye a ciki."

"Akwai me?"

"Turare. In kika sha, fidiya."

Ta saki kofin a hannuna. Wata daga cikin tsofaffin, mai haƙorin Makka tun na zuwanta na farko, ta miƙo hannu ta ce, "Ni Tamattu'i na yi, ɗana. Miƙo nan kada ya huce."

Mudir ya matso kusa da kunnena. "A gaban surukata, Yaya." Sannan ya juya ga matan da dariyar da ba ta kai ido ba. "Hajiyoyi, ga Shekhin shagonmu. Ƙanƙara ma sai ya tambaye ta mazhabarta kafin ya zuba." Suka yi 'yar dariya don a rufe zancen. Ya shige ciki.

Mai koren zare ya riga ya ɓaci, don haka da hannu na matse wa Gwaggo lemu. Ta sha rabi, ta yafito ni na durƙusa.

"Ɗan nan, ba ka iya raɗa ba ne? Da ka bar ni na sha na yi azumin. Azumi uku wane abu ne a wurina? Fuskar mijin 'yata fa, da me zan gyara ta?"

Irin wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai a garin nan, kuma ba daga bakin Gwaggo kaɗai na ji ta ba. Mutane sun mayar da fidiya kamar kuɗin mota, ka yi abin da aka hana ka biya ka wuce, muddin ba a ɓata wa mai gida rai ba. Fuskar mutum ana lallaɓa ta kamar ƙwai, ihrami kuwa ko oho. Ban faɗa mata haka ba. Cewa na yi, "Gwaggo, da na yi shiru kin sha, wa zai gaya miki ki yi azumin?"

"Ubanka sak," ta ce, ta shanye lemunta.

Mudir bai ƙara yi mini magana ba. Bai kore ni ba don kwanakin Hajji ne, yana bukatar hannuna, amma in zai ba da umarni sai ya gaya wa bango. Aka gama Hajji, layin ya fara yin fili, lokacin igama yana matsowa. Ban tambaya ba. Ƙanwata in na je gidan idonta ja, ta ajiye mini abinci ta tashi. Na fara duba kayan ɗakina ina ware wanda zai shiga jaka ɗaya. Har tabarmar sallata na naɗe na warware na ga ko za ta shiga.

Ana saura kaɗan jirginsu Gwaggo ya tashi, sai ga ta ita kaɗai, tana dogara sanda. Ta zauna a kujerar roba ba wanda ya ce ta zauna.

"Ina mai shagon? Ina Malakin nan da aka hana ni? Yanzu na kwance, ba mai riƙe mini kofi."

Mudir ya fito, ya sake yi mata da hannunsa. Ta shanye tas, ta sa cokali ta kwashe na ƙasa, ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa sa abu mai daɗi irin wannan a baki ba, in ta koma sai duk Funtuwa ta ji labari. Na san ɗanɗanon abin nan, na kuma san Gwaggo ko shayi ba ta sha da sukari sosai. Amma Mudir ya kumbura har rigarsa ta yi masa kaɗan. Mutum ne da kofi ɗaya na yabo yake ƙosar da shi.

"Tsaraba ɗaya nake so in tafi da ita, ɗana," ta ce. "In ji an gyara takardar wannan mai taurin kan. Ka yi don ni. In ya koma can ni zai addaba, ya hana ni man shafawa."

Mudir ya yi dariya, ta gaske a wannan karon. "A kaina, Gwaggo. An gama."

An sabunta igamar. Sharaɗin ta bakin ƙanwata ya zo: ba ni ba gaban kanta. Aka kawo wani mutum daga shagon abokinsa aka ɗora a injin, ni aka mayar da ni ɗakin baya, ina fere mangwaro da abarba ina cire ƙwallon dabino. A nan nake har yau.

Allon yana nan da ginshiƙansa huɗu. Mudir ya gano wani abu daga abin da ya faru, ba abin da ya kamata ya gano ba. Ya sa aka rubuta Na Masu Ihrami da manyan baƙaƙe a saman gida na farko, da Larabci da Hausa da wasu harsuna biyu, kuma masu farin mayafi suna yin layi suna sa masa albarka, sun samu shago mai tsoron Allah. Koren zaren ya ce ya yi dauɗa, ya yanke da almakashi. Jug biyun yanzu duk ɗaya ne. Sabon mutumin zai markaɗa Malaki, ya watsa masa ruwa sau ɗaya, ya zuba kankanar mai ihrami a kai. Ta bango nake jin ƙarar cokali a bakin kwalba, sannan injin, sannan famfo na ɗan lokacin da bai isa a wanke ko hannu ba.

In an kira salla aka sauke ƙofar shago, kowa ya nufi masallaci, nakan ɗan dakata. In ɗora ruwa a wuta, in kwance wuƙar gindin jug biyun, in wanke su da ruwan zafi, in shinshina, in sake wankewa. Sau da yawa raka'ar farko tana wuce ni saboda haka, wannan ma wata damuwar ce, na kai ta wurin malam bai ba ni amsar da ta kwantar mini da hankali ba. Amma kofin farko bayan kowace salla, duk wanda Allah Ya ba shi, mai tsabta ne. Wankin jug dai har yanzu ba wanda ya hana ni.